Tambaya da Amsa: Sabunta Fentin Tsohon Rim

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina, kuma rim ɗinta duk sun yi tsatsa. Bara na fesa musu fentin gwangwani, amma damina ba ta ƙare ba sai da ya fara ɓarewa. Ina kuskurena yake?
Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kun fesa fenti ne a kan tsatsa, ita kuwa tana ci gaba da cin ƙarfe daga ƙasa har ta ɗaga fentin.

Ku kai wa mai faci ya cire tayoyin, sannan ku kankare tsohon fentin da burushin waya, ku bi da samfefa mai kaushi, ku ƙarasa da mai laushi har ƙarfen ya fito fes. Ku fi mayar da hankali kan leɓen da taya ke zama a kai, domin tsatsar wurin ce ke sa taya marar tub ta riƙa sacewa. Idan kankarar ta bayyana tsagewa, musamman kusa da ramukan noti, shawarata ita ce a jefar da wannan rim ɗin. Mai rim na alminiyam kuma ya nisanci sodar wanki mai ƙarfi, domin tana cinye shi.

Da zarar kun goge ƙarfen da tina, wato ruwan tsinka fenti, ku fesa fentin shimfiɗa mai hana tsatsa a ranar, sannan fentin sama shafi biyu ko uku marasa kauri. A Sakkwato lokaci yana da muhimmanci: a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, fenti ya bushe tun bai kwanta ba, a hunturu kuwa ƙura ce za ta manne masa ya yi kaushi. Ku yi aikin da sassafe, a inuwa, da takunkumi a hanci.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a yi wa bayan rim fenti, wato inda yake haɗuwa da ƙarfen da ake ɗaure shi a jikin mota, da mazaunin notuna. Fentin wurin yakan murƙushe idan mota ta yi tafiya, notin da aka ɗaure tamau ya saki. Ku rufe wuraren da salatif kafin feshi, kuma ku sake ɗaure notunan bayan tafiyar kilomita 50.