Daga kwalejin al'umma zuwa Jami'ar Kalifoniya: darussa ne gaba, ko ayyukan ƙungiya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shekarar farko a wata kwalejin al'umma da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wato kwalejin da ake karatun shekara biyu a cikinta, kuma burina in koma Jami'ar Kalifoniya in karanta injiniya. Abokaina sun ce sai na shiga ƙungiyoyi da yawa kafin a dube ni, alhali ina aiki a wani shago bayan darasi. Me kuke ganin ya kamata in fi ba ƙarfi?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Abin da masu tantancewa ke fara dubawa a takardun mai neman sauya makaranta shi ne ko ya kammala darussan share fage na fannin da yake nema, domin a shekara ta uku za a ɗauke shi, inda babu wanda zai koma baya ya koya masa abin da ya tsallake.

Mafi ƙarancin sharaɗi shi ne yunit 60 (ma'aunin nauyin darasi) a tsarin samista na darussan da jami'ar ke amincewa da su, tare da matsakaicin maki 2.4 cikin 4 ga mazaunin jihar, ko 2.8 ga wanda ba mazauni ba. Akwai kuma darussa bakwai na tilas: biyu na rubutun Turanci, ɗaya na lissafi, da huɗu daga fannonin fasaha da zamantakewa da kimiyya. Sai dai wannan izinin shiga layi ne kawai, domin a injiniya, musamman a rassan jami'ar da ke Bakli da Los Anjeles, waɗanda ake ɗauka makinsu ya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Inda ɗalibai suka fi yin asara shi ne wajen jeranta darussa. Lissafin kalkulas matakai ne da ake hawa ɗaya bayan ɗaya, kuma fiziks ɗin injiniyoyi ba ya yiwuwa sai da shi, saboda haka wanda ya jinkirta lissafi da zango ɗaya tak yana iya ƙara wa kansa shekara guda cur. Ka buɗe shafin ASSIST, inda ake wallafa yarjejeniyoyin da ke tsakanin kwalejojin jihar da jami'o'inta, ka zaɓi kwalejinka da reshen da kake so da fanninka, za ka ga wane darasi ne ke maye gurbin wane. Kada ka dogara da kamannin suna, domin darussa biyu kan yi suna iri ɗaya amma a karɓi ɗaya a ƙi ɗaya. A ganina, maki mai kyau a kalkulas ya fi maka amfani a kan maki mafi girma a darasi mai sauƙi wanda bai shafi fanninka ba.

Ka kuma bincika shirin TAG, wanda ke ba da tabbacin gurbi ga wanda ya cika sharuɗɗa a rassa shida: Debis, Abain, Marsed, Ribasaid, Santa Babara da Santa Kuruz. Ana nemansa a watan Satumba, reshe ɗaya kawai ake zaɓa, kuma akwai fannonin da wasu rassan suka cire daga shirin.

Game da ƙungiyoyi, abokanka sun zuzuta lamarin. Fom ɗin jami'ar yana da gurabe har 20 na ayyuka da lambobin yabo, kuma aikin albashi yana cikin rukunin da aka tanada, don haka aikinka na shago abin rubutawa ne, musamman idan ka bayyana awoyin da kake yi a mako da nauyin da aka ɗora maka. Idan lokaci ya ba ka dama, ka ƙara abu ɗaya da ya shafi injiniya, kamar koyar da lissafi a cibiyar taimakon ɗalibai ta kwalejinku, ka daɗe a kansa har ya zama kana da abin faɗa.

Amfaninsa zai bayyana a rubutun bayanin kai da ke cikin fom ɗin. Za ka amsa tambayoyi huɗu, kowace ba ta wuce kalmomi 350 ba, kuma ta tilas a cikinsu tana neman ka bayyana yadda ka shirya wa fanninka. Ana karɓar takardu daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, kusan shekara guda kafin komawarka, saboda haka tun wannan zangon ka je wurin mai ba da shawara na kwalejinku da jerin da ka samo daga ASSIST, ku tsara darussanka zango bayan zango.