Ruwan reno ya yi ɗorawa, amma bakteriyata na mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ɗalibar digiri na biyu ce ni daga Agege. Na saka furotin RibM cikin bakteriyar E. coli, nau'in BL21(DE3), mai haɗa bitamin B2 mai launin ɗorawa, don ya riƙa fitar da shi waje. Da na zuba IPTG 1 mM, sinadarin da ke kunna haɗa furotin ɗin, sai ruwan renon bakteriyar ya yi ɗorawa sosai, amma OD, ma'aunin yawan bakteriya a ruwan, ya dinga sauka. Wani ya ce min alamar nasara ce. Saura wata biyu in kare aikina, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da hankalin naki bai kwanta ba. Abin da kika bayyana ya fi kama da fashewar ƙwayoyin bakteriyar.

RibM, wanda aka samo daga bakteriyar Streptomyces davawensis, ƙofa ce kawai, ba famfo ba. Ba ya cin ATP, wato makamashin ƙwaya. Bitamin na bi ta cikinsa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, ciki ko waje. Kuma furotin ne na fatar ƙwaya, dole sai ya bi ta mashigar Sec kafin ya zauna. Idan T7, tsarin da ke sa ƙwayar haɗa RibM, ta tashi da IPTG 1 mM a zafin digiri 37, mashigar kan cushe kamar gadar Third Mainland da safiyar Litinin. Furotin ɗin da ƙwayar ke numfashi da su ba sa samun hanya, sai ta galabaita ta fashe.

Wannan magana ta "ruwa ya yi ɗorawa, an yi nasara" ita ke cinye ayyukan ɗalibai. Tulun da ya fashe ma ai yana fitar da ruwa. Ƙwaya ta mutu, kayan cikinta sun zube, bitamin ya gauraya da ruwan reno, injin auna launi ya karanta lamba babba a nanomita 444, sai a zana jadawali a ce an ƙera mai fitarwa. Ko filasmid fanko ne, wato guntun DNA da ake saka wa ƙwaya amma babu RibM a cikinsa, in dai ƙwayoyin sun fashe, ruwan zai yi launi. Shi kansa ruwan reno na LB akwai B2 a cikinsa daga tsamin yis, ga nasa launin. Wanda bai taɓa ƙirga rayayyun ƙwayoyi a faranti ba, kada ya yi miki fassarar launi.

Ki sake gwajin. Koma nau'in E. coli C41(DE3) ko C43(DE3), waɗanda masu bincike Miroux da Walker suka ware a 1996 saboda irin wannan matsala. Ki yi reno a ruwan M9 marar yis, ki jira OD a nanomita 600 ya kai 0.5, ki sauke zafi zuwa digiri 20, IPTG kuma tsakanin 0.05 da 0.1 mM. Kwalbar filasmid fanko ta tafi kafaɗa da kafaɗa da taki. Duk awa biyu ki ɗebi samfuri, ki juya a sentirifuj don ƙwayoyin su kwanta ƙasa, ki tace ruwan sama da matatar maikuron 0.22, ki auna bitamin a ruwan da kuma cikin dunƙulen ƙwayoyin, ki raba da OD. Ruwan saman nan ki gudanar da shi a SDS-PAGE, gwajin da ke raba furotin layi-layi: layukan furotin birjik na nufin fashewa.

Ki naɗe kwalaben da takardar alminiyam, domin haske na lalata B2. In an ɗauke wuta injin girgiza ya tsaya kafin a tada janareta, ki rubuta lokacin, ki ware wannan zagayen daga lissafi.