Takarda ce ta ɗaure hannun sarkin Ingila?

Tambaya: Malam, malaminmu na tarihi ya ce tun ranar da aka yi Magna Carta ikon sarkin Ingila ya ƙare. In haka ne, me ya kawo rigingimun da suka biyo baya? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, malaminki bai yi ƙarya ba, gajarta labarin ya yi. A watan Yuni na 1215, a filin Runnymede da ke bakin kogin Thames, manyan hakimai suka tilasta wa Sarki John ya amince da takardar yarjejeniyar da ake kira Magna Carta, don sun gaji da tatsar da yake yi musu yana zuba kuɗin a yaƙin Faransa, inda ya sha kashi. Sashe na 39 ya ce ba za a kama ɗa ko a tsare shi ba sai da hukuncin takwarorinsa ko bisa dokar ƙasa. Ki lura da kalmar "ɗa", wato mutum mai 'yanci. Talakawan da ke noma a ƙarƙashin iyayen gidansu, waɗanda su ne mafi yawa, ba da su ake ba, kuma wannan yana taɓa ni duk lokacin da na karanta.

Ko wata uku takardar ba ta yi ba Fafaroma Innocent na Uku ya soke ta, yaƙi ya ɓarke. Abin da ya rayar da ita kuɗi ne. A 1225 Henry na Uku ya sake tabbatar da ita domin a yarda masa da sabon haraji. Nan nake so ki tsaya ki yi tunani: duk sa'ad da aljihun sarki ya bushe, sai ya zo neman izini, masu ba da izinin kuma su gindaya sharaɗi.

Charles na Ɗaya ya so ya tsallake wannan. Ya amince da takardar koken majalisa ta 1628 wadda ta hana haraji ba da yardarta ba, sannan ya sallami majalisar ya yi shekara 11 yana mulki shi kaɗai. A Janairun 1642 ya shiga zauren wakilai da dakaru a bayansa don kama 'yan majalisa biyar, ya tarar sun sulale. A 1649 aka fille masa kai.

Dokar 'yanci ta 1689, bayan James na Biyu ya gudu, ita ta rufe ƙofar: sarki ba zai dakatar da doka ba, ba zai aza haraji ba, ba zai ajiye soja a lokacin zaman lafiya ba, sai majalisa ta yarda. Daga 1215 zuwa nan shekara 474 ke nan.

Har yau, ranar buɗe majalisa, in manzon sarki ya doshi zauren wakilai sai a banko ƙofa a fuskarsa. Sai ya ƙwanƙwasa sau uku da sandarsa kafin a buɗe masa.