Tambayoyi da amsoshi kan fasaha: saitin manhajar rubutu tsakanin sabon shiga da gwani

Wasiƙun wannan mako duk sun taru ne a kan manhajojin da ake rubuta zallar haruffa ko umarnin kwamfuta a cikinsu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, shekarata ta farko a karatun kwamfuta. Wani yayanmu da ya yi nisa ya turo mini fayil ɗin saitinsa na manhajar rubutu ta Vim, layi kusan 400, ya ce in sa shi in huta. Tun da na sa, abin da malami ya danna a aji in na danna shi a wurina sai wani abu dabam ya faru. In ci gaba da nasa, ko in koma yadda manhajar ta zo?

Amsa: Ƙanena, ka ari babbar rigar yayanka, sannan kana tambaya me ya sa take jan ƙasa. Cire ta yau. Wannan ɗabi'a ta miƙa wa sabon shiga saitin gwani tana damuna ƙwarai, domin kowane layi a wancan fayil magani ne na wata damuwa da yayanka ya gamu da ita cikin shekaru, kai kuwa ba ka gamu da ko ɗaya ba tukuna. Wataƙila ma madannansa irin na Faransa ne, masu farawa da AZERTY, inda sai an riƙe Shift kafin lambobi su fito, alhali kai injinka daga Kano ya zo da QWERTY, don haka wuraren da ya sauya wa umarni domin sauƙin yatsunsa sun zame maka wahala.

Muhawarar ko saitin asali ya dace da sabon shiga ko da gwani ta daɗe a tsakanin masu Vim kansu. Bill Joy ya rubuta manhajar rubutu ta vi a 1976, Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar da Vim a 1991, kuma shekaru da yawa Vim da ba a yi wa saiti ba takan tashi tana kwaikwayon tsohuwar vi, domin kada a ɓata wa tsofaffin hannu rai. Sabon shiga ne ya sha wuyar wannan ladabi: babu launi a rubutu, kuma in ya danna u sau biyu yana neman komawa baya sau biyu, sai na biyun ya dawo masa da kuskuren da ya goge. Sai a Vim 8.0, a shekarar 2016, aka kawo fayil mai suna defaults.vim, wanda ke kunna launuka, da nuna abin da ake nema tun ana cikin rubuta shi, da amfani da linzamin kwamfuta, ga duk wanda ba shi da saitin kansa. Gwanaye da dama sun yi ƙorafi, musamman a kan linzamin, domin ya sauya musu yadda suka saba kwafe rubutu. Ina ganin ƙorafin nasu, amma ban goyi bayansa ba. Gwani ya san cewa layi ɗaya, `set mouse=`, ya ishe shi kashe linzamin, kuma ya san inda zai rubuta shi. Sabon shiga bai ma san akwai fayil ɗin saiti ba, in manhaja ta tarbe shi da duhu sai ya rufe ta ya ce kwamfuta ba tasa ba ce. Don haka saitin asali ya kamata ya karkata ga wanda bai iya gyara shi ba.

Ga abin da za ka yi. Sauya wa fayil ɗin yayanka suna ka ajiye shi gefe, kada ka goge. Buɗe sabon .vimrc, wato fayil ɗin saitin Vim, amma ka kiyaye wani tarko da ke kama kusan kowa: da zarar .vimrc ya wanzu, ko da babu komai a cikinsa, Vim tana daina ɗauko defaults.vim, sai ka ga launuka sun ɓace ka zaci ka lalata wani abu. Saboda haka layinka na farko ya zama `source $VIMRUNTIME/defaults.vim`. Daga nan kada ka ƙara saiti sai abu ya dame ka sau uku a cikin aiki, kuma a saman kowane layi ka rubuta dalilinsa da Hausa, ka fara da alamar " domin manhajar ta tsallake shi. Haka nake yi, kuma duk layin da na karanta dalilinsa ban ga yana da amfani ba yanzu, share shi nake. In kana so ka ga yadda Vim take ba tare da saitin kowa ba, rubuta `vim --clean`. Sannan ka ba `vimtutor fr` rabin awa, darasin yana nan da Faransanci.

Tambaya: Malam, ina buga wa mutane takardu kusa da kasuwar Dole. In na rubuta Hausa a Bloc-notes (wato Notepad na Windows) na adana, sai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ su koma alamar tambaya, amma é da è na Faransanci ba sa taɓuwa. Me ya jawo?

Amsa: Malama, injinki tsohon Windows ne, kuma a can Bloc-notes tana adana rubutu da tsarin ANSI, wanda aka tanada wa harsunan yammacin Turai, yana da é, ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Manhajar tana yi miki gargaɗi kafin ta adana, na kuma tabbata kin danna OK ba ki karanta ba, domin layin masu jira ya yi tsawo. Ki zaɓi Enregistrer sous, a wurin Encodage ki sa UTF-8, tsarin da ke ɗauke da haruffanmu. Tun sabuntawar Windows 10 ta 2019 wannan ne ya zama saitin asali, gyaran da ya daɗe yana jiran a yi shi. Takardun da suka riga suka koma alamar tambaya ba sa dawowa, sai ki sake buga haruffan da hannu.

Tambaya: Yallaɓai, nakan gyara kuskure a VS Code, manhajar rubuta shirin kwamfuta, amma in na gwada shirin sai kuskuren ya sake fitowa.

Amsa: Ba ka adana ba. Ɗigon da ke kusa da sunan fayil a sama shi ne shaida. Adanawa ta kai-tsaye a kashe take zuwa, ka kunna ta a jerin File, za ta riƙa adana aikinka daƙiƙa ɗaya bayan ka tsaya da rubutu.

Tambaya: Malam, Git, manhajar adana tarihin gyare-gyaren shiri, ya jefa ni cikin Vim na rasa hanyar fita.

Amsa: Danna Esc, rubuta `:q!`, danna Enter. Tunda ba Vim kake koyo ba, rubuta `git config --global core.editor nano`, Git zai riƙa buɗe maka manhajar rubutu ta nano maimakon Vim, domin nano tana jera umarninta a ƙasan allo, Ctrl da X ne fita.