Saura kwana kaɗan in tafi koyarwa waje, barci ya ƙaurace min

Tambaya: Salamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara. Na samu aikin koyarwa a ƙasar waje, biza ta fito, tikiti na hannu, amma wallahi gabana sai faɗuwa yake, na shirya akwati na kwance na sake shiryawa, har ji nake kamar in fasa. Me ya kamata in duba yanzu, kuma anya wannan tsoron na lafiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Akwatin nan ki bar shi ya huta haka, ba kaya ke dawo da mutum daga filin jirgi ba, takarda ce. Ɗauko fasfo ki duba ranar ƙarewarsa, ƙasashe da yawa sai in da sauran wata 6 a kai suke bari a shiga. Bizar ma ki karanta ta da idonki, ta aiki ce ko ta ziyara? A Sin ta aiki ita ce Z, a Koriya ta Kudu masu koyar da harsunan waje E-2 ake ba su, kuma duk makarantar da ta ce ki shigo da ta yawon buɗe ido wai sai kin zo a gyara, to ki ja baya, don in ta ɓaci ke za a kama ba su ba.

Shaidar karatu, takardar 'yan sanda ta shaidar ba ki da laifi da kwantiragi duk su zauna a jakar hannu, ki ɗauki hotonsu ki tura wa kanki ta imel. Ki tambayi makarantar wane hatimi suke so a kai, akwai na apostil, wato hatimin da ke sa wata ƙasa ta yarda takardar ta gaskiya ce, wanda ya fito daga yarjejeniyar Hague ta 1961, Sin ma sai Nuwamba 2023 ta fara aiki da shi, in ƙasarki ko wadda za ki je ba ta cikin yarjejeniyar sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci, wannan kam ba aikin daren tafiya ba ne.

Magani kuma kar ki yi wasa da shi. Tramadol da kodin suna iya ja miki tsarewa a Daular Larabawa in babu takardar likita, Japan ma tana hana wasu magungunan mura masu pseudoephedrine. Ruwa-ruwa a jakar hannu kar kwalba ta wuce mililita 100 a mafi yawan filaye, fawa bank kuma ba a sa shi a babban akwatin da za a karɓa a saka a ƙasan jirgi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne albashin farko, sai an yi wata ana aiki, wani wurin ma sai an buɗe miki asusun banki tukuna, ki riƙe abin da zai kai ki wata biyu.

Tsoron kuwa lafiyarsa ƙalau, za ki bar naki ki je inda ba ki san kowa ba, in ba ki ji komai ba ne zan yi mamaki. Ni dai a ganina rabinsa tsoron aji ne, to ki zauna yau ki tsara darasin ranar farko, yadda za ki gabatar da kanki da yadda za ki riƙe sunayen yaran. Sannan ki nemi lambar wanda zai tarbe ki da adireshin masauki, ki rubuta su a takarda da biro, waya tana iya mutuwa kafin ki sauka.