Saniyar gida mai ciki ta rame, in sayar ko in kashe mata kuɗi?

Wani bawan Allah mai sayar da hatsi a tsohuwar kasuwa nan Sakkwato ya turo min tambaya. Yace yana da saniya Bokolo, haihuwarta ɗaya, yanzu cikinta na biyu ya shiga wata bakwai kuma har yau ana tatsarta saboda uwargida na sayar da fura da nono, amma ta rame haƙarƙari duk a waje, cin abinci ya ragu. Dillali na ta matsa mai ya kaita Kara, kasuwar dabbobi, kafin ta faɗi.

Alhaji, ni dai shawarata kar ka sayar yanzu. Ramammiyar saniya kuɗin nama ake saye, ɗan maraƙin dake cikinta kuma kyauta ka bada shi, bayan kai ka ci wahalar wata bakwai. Saniya na ɗaukar ciki wajen kwana 283, wata tara da ƴan kwanaki kenan, saura maka wata biyu da ɗan abu. Ka shiga Kara da kanka ka tambayi kuɗin saniya da ɗanta a gindi, ka tambayi na ramamma, bambancin shine abinda dillali ke hange.

Abu na farko kuma nasan shi zai fi maka ciwo, a daina tatsa. Wata biyun ƙarshe hutu ne gareta, a lokacin ɗan ke yin mafi yawan girmanshi, ita kanta ƙuruciya gareta bata gama cika jiki ba, to ga ɗa na ja ga ƙwarya na ja, ina zata samu? A rage tatsar a hankali cikin sati ɗaya a bari. Ka zauna da uwargida ka faɗa mata gaskiya don ribarta ce zata tsaya, in da hali ka riƙa sayo mata nono wurin Fulani kada kwastomominta su watse. Wannan kuɗin ka rubuta shi cikin jari, don hantsar da ta huta tafi kawo nono bayan haihuwa.

Kai mai hatsi ne, dusa bata gagare ka ba. Haɗa mata da harawa da kowar wake da ɗan ƙulin auduga, ga gishiri ko kanwa ta lasa, a ƙara kaɗan kaɗan kar a jibga mata rana ɗaya cikinta ya kumbura. Ruwa kuwa in zafin Afrilu ya tsaya jarka biyu masu lita 25 basu yi mata yawa ba, a yi mata rumfa.

Amma rashin cin nan shi yafi damuna. Shanun cikin gari leda ke kashe su, tana kiwo a bola ta haɗiye, ta taru ta cunkushe tumbi, kana zuba abinci tana ƙara bushewa. Yana iya zama tsutsar ciki ko ciwon hanta in tana kiwo a fadama, ko cutar da kaska ke sawa. Ba a gane wannan da ido. Ka kira likitan dabbobi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai asibitin dabbobi na jiha. Kuɗin ganin likita bai kai ko kusa da kuɗin ƙafar saniya ɗaya ba. Don Allah kar a bari mai tallan magani ya soka mata abinda ya ga dama, allurar da suke ce ma deksa tana zubar da cikin saniya musamman in ya tsufa haka.

Ka ce ma likitan ya ɗebi jini ya duba cutar bakkale, wadda likitoci ke ce ma brucellosis. Ita ce ke sa ɓari a watannin ƙarshe, kuma tana kama mutum ta ɗanyen nono, zazzaɓi mai tafi ya dawo da ciwon gaɓɓai, shi yasa a tafasa madara kafin a kafa ta. Nan ne kawai lissafi zai juya. In an tabbatar da bakkale ko likita yace bazata kai ba, to ka bi abinda yace, in sayarwa ce ka faɗi aibinta ga mai saye, ɓoyewa cin haram ne.

Ka ware kuɗin ranar haihuwa tun yanzu daban da na shago, ka riƙe lambar likita. A wurin haihuwa daidai shine ƙafafun gaba biyu na ɗan su fito da hanci a kansu. In faya ta fashe tana ta yunƙuri awa biyu ba ci gaba, a kira likita, kar a tara samari su ja da igiya. Mabiyiya in ta kwana ta wuni bata faɗo ba kar a ja ta kar a ɗaura mata dutse. Dakashin farko na ɗan ne, ya sha cikin awa shida, sai bayan kwana huɗu ko biyar uwargida ta dawo da ƙwaryarta.