Wa ya ci kayanki, Hajiya? Nuna mini a rubuce

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, nan unguwar Zariya a Maradi. Daga Kantin Kwari nake saro su, in ɗora hotuna a WhatsApp da Facebook, in aika wa masu so ta motar Yamai, Damagaram, Tawa, har Agadas. Turmin da na saro ya iso mini a kan jika 13 ta sefa ina sayar da shi jika 15. Ciniki alhamdu lillahi, amma kuɗi sun ƙi taruwa. Wasu sai kaya sun isa su kashe waya, a dawo mini da su. Wasu su karɓa su ce sai ƙarshen wata, daga nan shiru. Yawancinsu ƴar yayata da ke aure a Yamai ce take haɗa mu, ta ce ta san su. Ban san adadin abin da ya salwanta ba, amma da yawa. Wani yaro ya ce in ba shi jika 600 ya buɗe mini shafin ciniki na intanet irin na Jumia, mai taurarin da masu saye ke ba mai kaya, wai cikin shekara guda zan zama babbar dila. Ina son in ci bashi in yi. Me ka gani?

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa nema albarka. Duk wasiƙarki wuri ɗaya na tsaya: "ban san adadin abin da ya salwanta ba." Nan ciwon yake. Kina kasuwanci da mutanen da ba ki taɓa ganin fuskarsu ba, a garuruwan da mota ke wuni kafin ta isa, amma ba ki da wata takarda da za ta gaya miki wace ce ta biya, wace ce ta yi jinkiri, wace ce ta cinye. In wadda ta maido miki da kaya da ƙaramar salla ta sake kiranki da babbar salla, ta yi miki sallama mai daɗi, za ki gane ta? Ina kyautata zaton ba za ki gane ta ba, kuma ita ta san haka.

Mu yi lissafi da alƙalumanki. Ribarki jika 2 ce a turmi. Mu ƙaddara kuɗin aika saƙo jika 2, na dawowa jika 2, ga na ɗan kabu-kabu zuwa tasha da dawowa. Saƙo ɗaya da aka ƙi karɓa ya lashe kusan jika 5, wato ribar turmi biyu da rabi, ban da kwanakin da jarinki ya yi yana yawo a bayan mota. Wanda aka karɓa aka ƙi biya kuwa, jika 13 ne na uwar kuɗi, sai kin sayar da turmi shida da rabi kafin ki dawo inda kike. In hakan ta faru sau uku cikin turmi ashirin, to kin yi wa mutanen Yamai aikin lada ne.

Maganar yaron nan ta jika 600, ki ajiye ta gefe, kuma kada ki ci bashi a kanta. Na gaji da jin labarin "cikin shekara guda". Jumia tun 2012 aka kafa ta a Legas, masu zuba jari na ƙasashen waje suka narka mata kuɗin da ni da ke ba mu iya ƙirgawa, kuma ta yi shekaru tana tafka asara. Shafi mai taurari da babu kowa cikinsa sai ke da ƴan uwanki, wa zai yarda da taurarinsa?

Amma tunda kin ambaci taurarin, bari in gaya miki aikin da suke yi, don a nan ne darasinki yake. Kamfanin eBay na Amurka ya fara a 1995, yana haɗa baƙo da baƙo su yi ciniki. A 1996 ya buɗe wurin da mai saye da mai sayarwa za su ba da shaida a kan juna bayan ciniki, shaidar ta manne da sunan mutum, duk wanda zai yi hulɗa da shi gobe ya gani. Shi ke nan sirrin. Mutum yana cika alkawari ne saboda ya san abin da ya yi yau zai bi shi gobe. Su ma sun ci karo da matsala: mai saye yana tsoron faɗin gaskiya kada mai kaya ya rama masa da mummunar shaida, har a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa ba wa masu saye mummunar shaida. Ƴan kasuwa sun yi ta ƙorafi, suna cewa an ɗaure musu hannu. Sai dai bai sake masu saye haka nan ba: wanda ya taya kaya ya ƙi biya ana rubuta masa, kuma mai kaya yana da damar toshe duk wanda irin wannan laifi ya maimaitu a kansa. Airbnb, masu haɗa matafiya da masu ba da hayar ɗaki, a 2014 suka mai da tsarinsu ya zama ba wanda zai ga shaidar ɗan uwansa sai kowa ya rubuta tasa, don dai a kashe ramuwar gayya. A Sin kuma, shafin ciniki na Taobao ya yi ƙarfi ne da Alipay, inda kuɗin mai saye ke zama a hannun amintacce na tsakiya har kaya su isa. Kin ga duka ukun abu ɗaya suke nema: kada wani ɓangare ya yi ɓarna ya tafi ba a rubuta ba.

Mu Maradawa ba baƙin wannan ba ne. Alhazan garin nan da suka yi arziki da gyaɗa da fata da safarar kaya zuwa Katsina da Kano, da bashi suka yi shi, sau da yawa ba tare da sa hannu ba. Amma ubangida ya san kowane yaronsa, kuma fatoman da ya saukar da baƙo ya tsaya masa, in baƙon ya gudu da kayan mutane, shi ake riƙewa. Tsayawar tana da nauyi saboda aljihunsa na ciki.

To ƴar yayarki fa, me ke cikin aljihunta? Ba na zarginta da cuta, wataƙila taimakonki take son yi da zuciya ɗaya. Amma "na san ta" a bakinta yana iya nufin sun haɗu a gidan suna sau ɗaya. In matar ta biya, an gode mata. In ta cinye, sai ta ce wallahi ba ta san haka halinta yake ba, ke kuma kunya ta hana ki ƙara magana. Shaidar da ba ta jawo wa mai ita asarar ko dala ɗaya, ba a aika kayan jika 15 a kanta.

Na ga irin wannan ya rufe wa wani matashi shago a nan garin. Takalma yake sayarwa, ɗan baffansa a Damagaram yana samo masa masu saye, yana kuma karɓar kuɗin. Da aka zo lissafi gaban manya, na ce ya kawo abin da ya rubuta. Ya fito da waya, gilashinta a fashe, yana ta ja da yatsa cikin saƙonnin murya, wannan na minti biyu, wancan na minti uku, rabinsu gaisuwa ce. Ɗan baffan yana cewa mutum huɗu ne ba su biya ba, shi yana cewa sun fi goma. Ba wanda ya iya kawo hujja. Aka tashi a kan "a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi". Kuɗin ba su dawo ba, zumuncin ma bai tsira ba. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi.

Saboda haka ki sayi kaye na ƴan makaranta yau ɗin nan. Kowace mai saye shafinta daban: suna, lambar waya, gari, wa ya haɗa ku, me ta ɗauka, yaushe ta biya. Ki koma cikin wayarki ki tono cinikin watanni shida da suka wuce, komai wahalarsa. Za ki sha mamaki, don sau da yawa mutum biyar ko shida ne suke maimaita ɓarnar, sauran mutanen kirki ne da kike yi wa kallon tuhuma a banza. Daga nan kowa ya samu matsayinsa. Sabuwa ta biya duka kafin kaya su bar gidanki, ko aƙalla kuɗin mota zuwa da dawowa. Wadda ta yi ciniki uku lafiya, a sassauta mata. Wadda ta taɓa kashe waya, sai kuɗi a hannu, ko ƴar wace ce. Ƴar yayarki kuma ki gaya mata cikin mutunci: duk wadda ta tsaya wa, in ba ta biya ba cikin mako biyu, rabin kuɗin a wuyanta, in ta biya kuma tana da rabin jika a kowane turmi. Za ki ga yadda "na san ta" zai ragu.

Game da kafin alƙalami, wato kuɗin da mai saye ke bayarwa tun farko, ki kula. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda mai kaya ya riƙe kuɗin da aka ba shi ba don kawai mai saye ya fasa. Shi ya sa nake cewa ki kira shi da sunansa tun farko, kuɗin aika saƙo, ki cire abin da kika kashe na gaskiya, ki mayar da saura, ki kuma ji ta bakin malaminku. Sannan hoton rasit ba kuɗi ba ne. Ko ta Nita aka turo, ko Amana, ko Airtel Money, sai kin ga kuɗin a asusunki ko kin karɓa a hannu. Ki rubuta sunan da ya fito a kan turawar, domin sauya layin waya abu ne mai sauƙi, sauya wannan sunan ya fi wuya.

In kuna da ƙungiyar mata masu irin sana'arki a WhatsApp, littafinki zai yi amfani ninki, don wadda ta cuce ki gobe wajen maƙwabciyarki za ta. Ku riƙa tambayar juna kafin aika kaya. Amma kada fushi ya sa ki ɗora hoton wata a Facebook ki rubuta "ɓarauniya". Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, an kuma ƙara tsaurara ta a 2024, ɓata suna ta waya yana iya kai mutum gidan kaso. Ki faɗi abin da ya faru kawai, da ranarsa da rasit ɗinsa, ga wadda ta tambaye ki, kuma in matar ta zo ta biya, ki sanar da su kamar yadda kika sanar da laifinta.

Akwai wata maganar da wataƙila ba za ki so ba. Ba duk wadda ta maido kaya ce macuciya ba. Atamfar da aka ɗauka hoto cikin hasken rana, aka ƙara mata haske a waya, in ta isa Agadas launinta daban ne. Ki riƙa kiran kowace mai saye bayan kwana biyu ki tambaye ta yadda ta ga kayan, ki rubuta amsarta a shafinta, mai daɗi da marar daɗi. Hotunan yabo da ake cika status da su kowa ya san ana zaɓarsu ne. Abin da ke sa baƙuwa ta yarda ta turo miki jika 15 kafin ta ga kaya shi ne ta ji daga bakin wata cewa an taɓa samun kuskure, kin karɓi kayanki kin mayar da kuɗi ba tare da jayayya ba.

Wasu za su gudu in kika fara neman kuɗin mota tun farko, cinikinki zai ragu wata ɗaya ko biyu. Ki bar su su tafi. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, ki zo da adadin saƙon da kika aika, da wanda ya dawo, da wanda ba a biya ba, sannan mu duba ko jarinki ya isa a ƙara masa wani abu.